Daga Lauje zuwa Tarakta: Tarihin Yankan Ciyawa a Ƙasar Muri

Ciyar da dabba da rani tsohuwar matsala ce a Jalingo da kewayenta. Ruwa yakan sauka wajen Afrilu ko Mayu ya ɗauke a Oktoba. A tsakanin nan gamba da kyasuwa kan yi tsawo har su shanye mutum, amma da iskar hunturu ta kaɗa sai su bushe su zama kara, gobarar daji kuma ta lashe abin da ya rage. Duk dabarar tanadin abincin dabbobi a wannan ƙasa tana rataye ne a kan 'yan makonnin da ke tsakanin ƙosawar ciyawa da bushewarta.

Masarautar Muri ta kafu a 1817 a hannun Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe. A 1892 Sarki Muhammadu Nya ya ci garin Kona da taimakon bindigogin Bafaranshe Louis Mizon, a 1893 kuma Jalingo ta zama mazaunin sarauta. Gari ne na masu dawaki, doki kuwa ba a sakinsa kiwo kamar saniya, a turke yake ci. Saboda haka gidajen sarauta da na attajirai suka dogara da masu yankan ciyawa, waɗanda ke sammako zuwa fadama da lauje su dawo da dami a ka. Fulani makiyaya nasu tsarin daban ne: idan ciyawa ta ƙare a tudu sai su gangara da shanu kwarin Binuwai, wajen Lau da Karim Lamido, inda danshi ke daɗewa.

Wannan sana'a ba ta mutu ba. A unguwannin cikin gari irin su Turaki, inda babu filin kiwo amma gidaje da dama na da rago ko sa a turke, har yau da lauje ake yanko abin da dabba ke ci. Mai yanka yakan kama ciyawar da hannun hagu, ya sa lauje a gindinta ya ja, ya tara ta kashi-kashi, sannan ya ɗaure da igiyar da ya murɗa daga ita kanta ciyawar. Da kaka kuma sai harawar gyaɗa da ta wake: a naɗe ta tun ganyen bai kakkaɓe ba, a ɗora a rumfa ko a tsakanin rassan itace inda awaki da gara ba za su kai gare ta ba. Kuɗinta kan hau yayin da rani ke nisa, musamman idan Babbar Salla ta matso, masu kiwon turke na shirin kai dabbobi kasuwa irin ta Iware.

Canji na farko ya zo ne ta hanyar garmar shanu. Daga 1928 Ma'aikatar Gona ta Turawan mulki ta fara shirin haɗa noma da kiwo a Arewa, inda ake ba manomi bijimai da garma bashi, a koya masa tara taki da ajiye ingirici domin rani. A shekarar ce kuma aka buɗe gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, inda aka yi ta gwajin ciyawar shukawa. Shirin ya fi karɓuwa a ƙasashen auduga da gyaɗa na can arewa. A dazuzzukan kudancin Muri ƙudan tsando da cutar sammore sun daɗe suna hana shanun huɗa zama.

Tarakta ta shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shigowarta ba ta yi armashi ba. Babban gwajin Mokwa, wanda aka fara a 1949, ya rushe a 1954: kututture da saiwoyi sun yi ta karya kayan aiki, kayan gyara na nesa, kuma injin ya huɗe filin da ya fi ƙarfin hannuwan da za su yi masa noma da girbi. Gwamnati ta koma ga tsarin haya, wato ta sayi taraktoci ta ajiye, manomi ya biya a yi masa haro ko huɗa. Wannan tsari ya bunƙasa da kuɗin man fetur, a zamanin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da juyin noma na Shagari a 1980. A lokacin ne aka kafa hukumomin raya kogi, ciki har da ta Binuwai ta Sama mai hedikwata a Yola, aka kuma buɗe masana'antar harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano. Karyewar darajar naira daga 1986 ta tsayar da yawancin wannan. Lokacin da aka cire Jihar Taraba daga Gongola a ranar 27 ga Agusta 1991, matattun taraktoci da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu sun riga sun zama abin gani na yau da kullum a harabar ma'aikatun gona na Arewa.

Daga wannan tarihi aka gaji irin taraktar da aka saba da ita a yankin: buɗaɗɗiya, mai matsakaicin ƙarfi, wadda Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75 ta zama abin misalinta. An zaɓe ta ne domin jan haro a fadamun shinkafa na Gassol da Lau, da jan tirela da kaka. Bakanike na gefen hanya ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ana samunsu. Yankan ciyawa bai shiga lissafin masu sayenta ba.

A Turai da Amurka kuwa tarakta ta bi wata hanya. Kifewar tarakta ta kashe manoma da yawa, har Suwidin ta wajabta ƙarfen kariya a kan sababbin taraktoci a 1959, Ingila ta bi a 1970, ta ƙara da dokar rage ƙara a ɗakin direba a 1976. Kamfanin John Deere ya fito da rufaffen ɗakinsa mai tare ƙura da ƙara a 1972. A can mai tarakta shi ne direbanta, shi zai wuni yana yanka makiyayarsa, don haka idan kuɗi ba su isa duka biyu ba yakan tsaya ya auna: ɗaki mai gilashi da na'urar sanyaya iska, ko inji mai ƙarin ƙarfi. A ƙasar Muri ba a cika yin wannan awo ba, kuma dalilin a fili yake. Mai sayen taraktar gwamnati ce ko attajiri, wanda ke zama a kanta kuwa ɗan haya ne da ake biya bisa yawan filin da ya gama. Wanda ba zai sha ranar ba shi ke yanke shawara, shi ya sa ƙarfin inji ya yi ta rinjaye.

Abin da direba ya samu shi ne rumfa: ƙarafa huɗu da mai walda ya tsayar, da fallen kwano ko tamfol a sama. Sauran kariyar rawani ne da yake naɗe hanci da baki da shi, a watan Maris da zafi kan kusanci digiri 40. Rumfar tana tare rana, amma ba ta ɗaukar nauyin tarakta idan ta kife. Wannan sakaci ne da bai kamata a ci gaba da kawar da kai daga gare shi ba, domin ƙarfen kariya na gaskiya da bel ɗin kujera ba su kai ko kusa da kuɗin rufaffen ɗaki ba.

Batun yanka ciyawa da inji ya taso ne da sauyin siyasar kiwo. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi filaye, amma ba a shuka ciyawa a yawancinsu ba. Gonaki sun cinye burtali, rikici ya yawaita, har Taraba ta yi dokar hana kiwon sake a 2017, wadda ta jawo gardama mai zafi. A 2019 jihar ta shiga cikin jihohin gwaji na shirin gwamnatin tarayya na sauya fasalin kiwo. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗannan dokoki, lissafin ɗaya ne: garken da aka tsayar wuri guda sai an yanko masa abinci an ajiye, lauje kuma ba zai ciyar da shanu ɗari har damina ta dawo ba.

A nan ne tsohon zaɓin nan na rufaffen ɗaki ko ƙarfin inji ke bukatar sake duba. Injin sassabe mai juyayyar wuƙa, wanda sandar bayan tarakta ke juyawa sau 540 a minti, ba ya cin ƙarfi kamar haro. Masu sana'ar kan ƙiyasta ƙarfin doki biyar ga kowace ƙafa ta faɗin injin, ke nan mai ƙafa shida bai kai rabin abin da tarakta mai doki 75 ke iyawa ba. Ƙarin ƙarfi yana amfani ne idan injin mai faɗi ne sosai, ko ciyawar gamba ce da ta tsufa ta yi kauri, ko za a ja injin ɗaure ingirici. In ba haka ba gas kawai ake ƙonawa. Yanka kuwa shi ne aikin da ya fi cutar da direba: ƙaiƙayi da ƙura a ido da huhu, tsakuwa da wuƙa ke harbowa, ga zuma da rina da ake tayarwa a cikin ciyawa. Ta wannan fuska rufaffen ɗaki ya fi cancanta a wajen yanka fiye da wajen huɗa.

Sai dai ɗakin na da nasa sharaɗi. Na'urar sanyaya iska tana rage wa inji ƙarfi, kuma idan ta lalace a wurin da babu mai gyaranta, gilashin kan tara zafin da ya fi na waje, har direbobi su cire ƙofofin. Reshe na fasa gilashi a gonar da ba a gama tumɓuke itatuwanta ba. Taraktar da za ta yi yanka wata ɗaya ta koma haro da dako sauran shekara kuwa, da ƙarfinta take mayar da kuɗinta.

Yanayin ƙasa ma na sauya amsar. A filayen Jalingo da Ardo Kola zafi da ƙura ne abin gudu. A tsaunin Mambilla, wajen Gembu, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500 kuma makiyaya ke daɗewa kore, sanyi ne da ruwa da gangare. Can abin da ya fi muhimmanci shi ne tarakta mai ja da ƙafafu huɗu, mai faɗin tsayuwa, da ƙarfen da zai tsare direba idan ta jirkice a kan tudu.