Daga Ƙahon Wanzami zuwa Ƙwayar Asibiti: Tarihin Maganin Hawan Jini a Ƙasar Wurno

Ƙasar da ta shimfiɗu gabas da Sakkwato, tun daga Rabah da ke bakin gulbin Sakkwato har zuwa Wurno da Goronyo a gefen fadamar Rima, ba baƙuwa ba ce ga ilmin ɗibbu, domin kuwa a Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, ya zauna a ƙarshen zamaninsa, har Allah Ya karɓi ransa a 1837, alhali ya bar wa al'umma littattafai a kan magunguna, wani a kan ciwon ido, wani a kan basur, wani a kan ɗibbun Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Kuma saboda tsananin kwaɗayinsa ga wannan fanni, sa'ad da Bature Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, yana daga cikin abin da Bello ya nema a aiko masa da likita daga Ingila, wanda zai zauna a ƙasarsa.

Amma duk da wannan himma, cutar da muke kira hawan jini ba ta da babi nata a wancan zamani, saboda illa ce da ba a ganinta sai da ma'auni, shi kuwa ma'aunin da ake ɗaura wa mutum a damtse bai samu ba sai a 1896, a hannun wani likitan Italiya mai suna Riva-Rocci. Abin da mutane suka sani shi ne 'ya'yan cutar: ciwon kai mai sara a ƙeya, da jiri, da kumburin ƙafa, da haki, da shanyewar ɓarin jiki wadda sau da yawa akan jingina ta ga iskoki. Idan kai ya matsa wa dattijo, sai a kira wanzami, ya aske ƙeya, ya ɗora ƙaho ya zuƙa, ya cire ya yi tsaga da aska, ya mayar, ya toshe bakin ƙahon, har baƙin jini ya taru a zubar, a ce mugun jini ya fita. Malami ya ba da rubutu, mai saiwa ya ba da jiƙo, tafarnuwar da fadamun Wurno da Goronyo suka shahara da nomanta ita ma ta shiga cikin lissafi.

Da Turawa suka zo, En'e ta buɗe ɗakunan shan magani a manyan gundumomi, aka ƙara yawansu a zamanin da Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya riƙi Firimiyan Jihar Arewa daga 1954. Sai dai aikin malam disfensa a lokacin galibi bai wuce gyambo da zazzaɓi da tsutsar ciki ba. Sannu a hankali ƙwayoyin hawan jini suka shigo, irin su Aldomet da Moduretic, waɗanda tsofaffin ma'aikata har yau suke ambato, kafin a wayi gari ƙwayoyi biyu su zama daga cikin waɗanda aka fi rubuta wa majinyata a asibitocin wannan yanki, wato amlodifin da lisinofiril.

Asalin biyun ya sha bamban. Lisinofiril ya fito daga zuriyar da mafarinta dafin wani maciji ne na ƙasar Barazil, wanda masana suka lura yana sauke jinin wanda ya sara, suka bi diddigin sirrinsa har aka haɗa kaftofiril, wanda Amurka ta yarda da shi a 1981, lisinofiril ya biyo baya a 1987. Aikinsa shi ne hana jiki sarrafa wani sinadari mai matse jijiyoyi da riƙe gishiri. Amlodifin kuwa, wanda kamfanin Pfizer ya fitar wajen 1990, yana tare ƙofar da sinadarin kalsiyam yake bi ya shiga naman bangon jijiya, sai jijiyar ta saki, jini ya gudana a sarari, kamar yadda ruwan Goronyo yake lafawa idan an faɗaɗa masa magudana.

Da aka ɗora su bisa mizani, sai hujja ta nuna cewa ɗabi'ar jikin majinyaci tana da hannu a cikin hukunci. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 33,000, aka bayyana sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa a jikin baƙar fata lisinofiril shi kaɗai bai kai sauran ƙwayoyin da aka gwada ƙarfin sauke jini ba. Sa'an nan a 2019 wani bincike da Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe 6 na Afirka, a kan majinyata 728, ya tabbatar da cewa haɗin ƙwayoyin da amlodifin yake ciki ya fi wanda babu shi. Wannan ne dalilin da ya sa likita yakan fara da amlodifin ga manomin da ba shi da wata illa sai hawan jini, ko mai ciwon ƙirji na toshewar jijiyar zuciya.

Duk da haka ba a ce lisinofiril ya faɗi ba, domin yana da falalar da ɗan'uwansa ba shi da ita: yana kare ƙodar mai ciwon sukari idan ta fara rauni, yana kuma ƙara kwana, da izinin Allah, ga wanda zuciyarsa ta gaza aiki. Kowannensu kuma da aibinsa. Amlodifin yakan kumbura idon sawu. Lisinofiril yakan jawo busasshen tari, jefi-jefi ya kumbura leɓe da harshe, wanda wajibi ne a garzaya asibiti da shi nan take, kuma haramun ne ga mai juna biyu saboda cutar da yake yi wa ɗan tayi, shi ya sa ake mayar da ita kan Aldomet ko makamancinsa.

Babbar matsalar da ta saura gadon tunani ce. Al'ummar da ta saba a yi ƙaho sau ɗaya a tashi da sauƙi tana ganin magani abu ne da ake sha a warke a ajiye, saboda haka sai ka tarar da magidanci ranar kasuwa a gaban mai kemis, ya miƙa tsohon kwali ya ce a ba shi kati ɗaya, ya sha har kai ya daina sara, sa'an nan ya watsar, ya koma ga miyar da aka cika wa gishiri da dunƙule da kanwa, wani ma ya ari ƙwayar maƙwabcinsa alhali illarsu ba ɗaya ba ce. Hawan jini kuwa danne shi ake yi, ba a tumɓuke shi, kuma zaɓi tsakanin ƙwayoyin nan biyu haƙƙin likita ne wanda ya auna jini, ya duba fitsari da ƙoda, ya tambayi mace halin da take ciki. Abin da ya rataya a wuyan majinyaci shi ne ya sha kullum, ko da azumi, tunda sau ɗaya ake shan kowannensu a yini, ya kuma riƙa komawa awo tun jiki bai yi ƙara ba.