Fitowar jijiyoyin jini a jiki: yaushe ya kamata ka ga likita?

Jijiyoyin da kake gani sun taso a bayan hannu ko damtse su ne masu mayar da jini zuwa zuciya. Suna fitowa fili ga siririn mutum, da mai aikin ƙarfi, da tsoho wanda fatarsa ta yi laushi. Zafin rana ma yana buɗe su. Idan ba ciwo, kuma suna kwantawa in ka ɗaga hannu sama, ba cuta ba ce.

Na ƙafa ne suka fi kawo mutane asibiti. A cikin jijiyoyin ƙafa akwai 'yan ƙofofi da ke hana jini komawa ƙasa. Idan suka yi rauni sai jini ya taru, jijiyar ta kumbura ta murɗe, ta yi ruɗu-ruɗu a ƙwauri ko bayan gwiwa. Gado, juna biyu, ƙiba da yawan tsayuwa suna jawo haka. Tafiya a ƙafa, ɗora ƙafa kan matashi lokacin hutu, da safar asibiti mai matse ƙafa suna rage nauyin da ake ji da yamma. Kada ka bari a yi maka ƙaho ko tsaga a kanta, domin jini zai yi ta zuba, raunin kuma yana iya zama gyambo. Idan ta fashe da kanta, kwanta ka ɗaga ƙafar sama, ka danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a kai ka asibiti.

Abin da ba ya jiran gobe shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, da ciwo da ɗumi, musamman bayan haihuwa, tiyata, doguwar jinya ko doguwar tafiya a mota. Wataƙila jini ne ya daskare a jijiyar can ciki. Kada a murza ƙafar: gudan jinin zai iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu. Idan aka samu haki, ciwon ƙirji ko tarin jini, gaggawa ce.

Jijiyoyin da suka bazu a fatar ciki tare da kumburin ciki kan nuna ciwon hanta. Jijiyar wuya da ta cika ta tsaya ko da mutum yana zaune, ga haki da kumburin ƙafafu, tana nuna zuciya ta raunana. Muna yawan ganin haka ga masu jego a Arewa, kuma 'yan uwa kan ɗauka gajiyar haihuwa ce har a makara.