Jirgin DC-10 a Sararin Afirka ta Yamma

Shekarar 1968 ta buɗe wa Togo ƙofofi biyu. A cikinta aka ƙaddamar da tashar jirgin ruwa ta Lome, a cikinta kuma ƙasar ta shiga kamfanin Air Afrique, wanda ƙasashe 11 rainon Faransa suka kafa a Yawunde a 1961, hedkwatarsa a Abijan. Ga Hausawan Zangon Lome, masu gidajen baƙi da dillalan shanu da 'yan goro, tashar ruwa ta hajja ce, filin jirgin sama na Tokoin kuwa na mutane. Ɗalibi ya lura da yadda kalma guda, wato "jirgi", wadda asalinta abin haye kogi ne, ta ɗauki na ruwa da na ƙasa da na sama ba tare da harshen ya nemi aro ba.

DC-10 ƙirar kamfanin McDonnell Douglas ne na Amurka, mai injina uku: biyu a ƙarƙashin fukafukai, na uku a gindin wutsiya. Ya fara tashi a watan Agusta 1970, ya soma jigilar fasinja a 1971. Air Afrique ya karɓi nasa na farko a 1973, daga baya suka zama uku, ya ɗora su a kan dogayen hanyoyinsa na Faris da New York.

Sai dai tun da wuri sunan jirgin ya ɓaci. Ranar 3 ga Maris 1974 ƙofar rumbun kaya ta wani DC-10 na Turkiyya ta ɓalle jim kaɗan bayan tashinsa daga Faris, mutum 346 suka rasu. Laifin na makullin ƙofar ne, kuma an san da aibin tun 1972. A watan Mayu 1979 injin wani ya tsinke a Chicago, mutum 273 suka salwanta, hukumar Amurka ta hana ire-irensa tashi na sama da wata guda. A nan kam bincike ya ɗora mafi yawan laifin a kan yadda makanikai suka sauke injin suka mayar.

Musibun da suka same shi a yankinmu ba na ƙira ba ne. A Yulin 1987 wani ɗan Lebanon ya yi fashin DC-10 na Air Afrique, aka sauke shi a Geneva, ya kashe fasinja ɗaya Bafaranshe kafin a ci ƙarfinsa. Mafi muni ita ce ta 19 ga Satumba 1989, lokacin da bam ya tarwatsa DC-10 na kamfanin UTA a kan hamadar Tenere ta Nijar, bayan ya taso daga Injamena. Duk mutum 170 da ke ciki suka rasu. A 2007 iyalansu suka jera baƙaƙen duwatsu a kusa da wurin, da fiffiken jirgi a tsaye ɗauke da sunayen mamatan.

A ganina, wanda ya ce wannan jirgi ne ya kassara Air Afrique ya zalunce shi. Bashi ne ya cinye kamfanin, da gwamnatocin da ke cusa 'yan'uwa aiki suna kuma ƙin biyan kuɗin tikiti. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka bashin da ake binsa da kuɗin waje, a 1998 masu bin bashi suka ƙwace jiragensa huɗu ƙirar Airbus A310, a 2002 ya durƙushe.

DC-10 na ƙarshe da masana'antar ta ƙera Nigeria Airways aka miƙa wa, a 1989. Lome kuwa a Janairun 2010 ta ga wani kamfani na yanki ya fara tashi daga filinta, wato ASKY, da taimakon Ethiopian Airlines, shi ma da ƙananan jirage ya soma.