Unguwar Boro da Masu Ritayar da Ba Su Koma Gida Ba

Tun da Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya zama wurin neman abinci. Ma'aikacin jirgin ƙasa ko na masaƙun Kakuri yakan yi shekarunsa a gidan haya ko kwatas, ranar da ya ajiye aiki ya ɗora kujeru, gadon ƙarfe da kwanukan uwargida a bayan akori-kura, ya nufi garinsu. Wannan al'ada ta raunana, kuma unguwanni irin su Unguwar Boro, a hanyar Kachia, shaida ne. Matatar mai da aka buɗe a 1980 ta jawo jama'a wannan shiyya. 'Ya'yan masu ritayar a nan suka tashi, asibiti da bankin karɓar fansho ma suna nan.

Wani zai ce arhar fili ce kawai ta zaunar da su. Akwai gaskiya a ciki, amma arha ba ta bayyana dalilin da ya sa dattijo ya zaɓi wannan tsallaken kogin Kaduna ya bar wancan ba. Rikicin addini na 2000 da na 2002 ne suka raba garin: Kiristoci da yawa suka koma kudu, Musulmi arewa. Mutane sun sayar da gidaje cikin gaggawa, sun raba kaya ga dangi don ɗakunan da suka samu ba za su ɗauka ba. Abin takaici ne ƙwarai, domin tsoro ya shiga lissafin da a da lafiya, iyali da aljihu kaɗai ke yanke shi.