Sauya birkin tsofaffin motocin Amurka

Sauya birki aiki ne da ake yi wa tsofaffin motocin Amurka, musamman na shekarun 1950 zuwa 1970, inda ake cire birkin ganga, wanda makanikai ke kira durom, a sanya birkin faifai. Babbar matsalar aikin ita ce dacewar kayan gyara, domin birki tsari ne guda, kuma canza ɓangare ɗaya yana shafar sauran.

Tarihi

Yawancin motocin Amurka na wancan zamani sun fito da birkin ganga a ƙafafu huɗu. Irin wannan birki yakan yi rauni idan ya ɗauki zafi, kamar a doguwar gangara. Studebaker Avanti ta 1963 ta zo da faifai a gaba, sannan Chevrolet Corvette ta 1965 ta zo da shi a dukkan ƙafafu. Daga 1968 dokar Amurka ta wajabta masta mai layi biyu, ta yadda idan layi ɗaya ya zubar da mai, ɗayan zai iya tsayar da mota.

Abubuwan da ake dubawa

Na farko shi ne tsarin ramukan noti. Yawancin ƙananan motocin Chevrolet suna da noti biyar a da'irar inci 4.75, na Ford da Chrysler kuwa inci 4.5, wato milimita 114.3. Dodge Dart da Plymouth Valiant sun yi amfani da inci 4 har zuwa 1972.

Na biyu shi ne girman wili. Faifai babba da kalifarsa sau da yawa ba sa shiga wili mai inci 14, sai an koma mai inci 15 ko fiye.

Na uku shi ne masta. Kalifa tana buƙatar mai fiye da birkin ganga. Haka kuma mastan ganga yakan ƙunshi bawul mai riƙe ɗan matsi a layi, wanda idan aka bar shi zai sa faifai ya riƙa gogewa yana zafi. Ana kuma ƙara bawul mai rage matsin baya, don kada ƙafafun baya su kulle kafin na gaba, motar ta juya.

Man birki ma yana da ƙa'ida: DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, amma ba a gauraya su da DOT 5.

Sanannun sauye-sauye

Masu gyara sukan ɗauko sandar ƙafar gaba da birkin Ford Granada ta Amurka, ƙirar 1975 zuwa 1980, su sanya wa tsohuwar Mustang. A gidan General Motors, kayan Chevelle na 1968 zuwa 1972 suna shiga Chevelle ta 1964 zuwa 1967.

A Najeriya

Irin waɗannan motoci ba su da yawa a Najeriya, amma ƙa'idar ta shafi duk mai neman kayan gyara a kasuwanni irin su Kofar Ruwa da ke Kano. Toyota Camry tana da ramuka biyar a milimita 114.3 kamar Mustang, sai dai faɗin ramin tsakiya da zurfin faifai sun bambanta. Shigar noti kaɗai ba ta nuna cewa faifai ya dace da mota ba.