Ƙwarangwal a Bangon Littafi: Nazarin Zanen Littattafan Ban Tsoro Masu Araha na Amurka da Ingila, 1967 zuwa 1991

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi zanen da ke bangon littattafan ban tsoro na aljihu. Matsayarta ita ce, wuce gona da irin da ake yi wa dariya a waɗannan bangwaye da gangan aka yi shi, kuma tsarin kasuwar ne ya haifar da shi.

Gabatarwa

Littattafai uku ne suka buɗe wannan kasuwa: Rosemary's Baby na Ira Levin (1967), da The Exorcist na William Peter Blatty, da The Other na Thomas Tryon, biyun ƙarshen duka a 1971. Ganin irin cinikin da suka yi, sai kamfanonin ɗab'i irin su Zebra da Leisure a Amurka, da New English Library a Ingila, suka yi ta zubo labaran aljanu da ɓeraye da ƙaguwa masu cin mutane. Tauraron kasuwar ya dushe a farkon shekarun 1990, lokacin da labaran masu kisan ɗai ɗai suka karɓe fage bayan fim ɗin The Silence of the Lambs na 1991.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Clement Greenberg, a maƙalarsa ta 1939, ya ɗauki zanen kasuwa a matsayin jabun fasaha. Ba za a ɓata lokaci a kansa ba, domin hukuncinsa ya riga waɗannan littattafai zuwa duniya da daɗewa. Wadda ta cancanci a ja da ita ita ce Susan Sontag. A maƙalarta ta 1964, Notes on Camp, ta bambanta aikin da ya zama abin dariya ba da sanin mai shi ba, da wanda aka ƙulla da niyya, ta kuma fifita na farko. Masu sha'awar tsofaffin bangwaye a yau sun rungumi wannan ra'ayi, wasu ba su ma san daga inda ya fito ba. A wurinsu mai zanen wani bawan Allah ne da ya so ya tsorata mutane, abin ya ƙi. Littafin Grady Hendrix da Will Errickson, Paperbacks from Hell (2017), ya yi ƙoƙari wajen fito da sunayen masu zanen, sai dai yawancin masu karanta shi raha suka tsinta, suka bar hujjar.

Hanyar Bincike

An yi amfani da bangwayen da ke cikin littafin Hendrix, aka gwada zanen wasunsu da labarin da ke ciki.

Sakamakon Bincike

A kan kantar waya mai juyawa ake jera waɗannan littattafai, a manyan shaguna da ɗakunan sayar da magani da filayen jirgin sama. Wanda bai shiga ba, mai shago yakan yage bangonsa ya mayar wa kamfani a biya shi, sauran takardun kuma a lalata su. Ke nan a lissafin kasuwa bango shi ne littafin. Dole ya tsayar da mai wucewa kafin ƙiftawar ido, shi ya sa aka koma ga haruffa masu tudu da ruwan azurfa mai ƙyalli da taga da ake hudawa a jikin bango. A Flowers in the Attic na V. C. Andrews (Pocket Books, 1979), fuskar yarinya ake hangowa ta tagar saman gida, sai an ɗaga bangon a ga yara huɗu jere da wata halitta a bayansu.

Babbar shaida ita ce ƙwarangwal ɗin kamfanin Zebra na shekarun 1980, irin wanda ya cika bangon littattafan Ruby Jean Jensen da takwarorinta. Ba a zana shi kwance cikin kabari. Yana sanye da tufafin yara ko rigar likita, yana rungume da ɗiyar roba, gashinsa a taje, sau da yawa har da ƙwayar ido a cikin ramin ƙoƙon kai. A dubi aikin hannun da kyau: ninkin yadi da ƙyallin gashi da inuwar haƙora duk an fitar da su tsaf. Wanda ya iya wannan bai rasa sanin cewa ƙashi ba ya riƙe gashi ba. Ya haɗa abin gida da aka saba da shi da mutuwa, kuma daga wannan haɗi ne tsoro da dariya suke fitowa tare. Mai kallo ya yi murmushi ko tsigar jikinsa ta tashi, duk ɗaya ne a wurin kamfani, tunda ya riga ya miƙa hannu. Ga kuma maimaici: kuskure ba ya zama tambarin kamfani shekara da shekaru.

Misalin The Little People na John Christopher ya ƙara ƙarfafa wannan. Labarin a natse yake tafiya, a wani tsohon gida a ƙasar Ailan. Amma a bugun Avon, Hector Garrido ya zana ƴan wadanni ɗaure da tambarin Nazi, riƙe da bulala. Bangon ya tsamo abu mafi ban mamaki a labarin ya kambama shi, domin shi ne zai sayar.

Iyakar Bincike

Gaskiya ne hotuna aka nazarta, kuma masu tattarawa sun fi adana bangwaye mafi ban mamaki, don haka samfurin ya karkata. Ana iya cewa wasu masu zanen ba su ƙware ba. An yarda, akwai su, amma ba su ne suka shata salon ba.

Kammalawa

Da kamfanin Valancourt ya fara sake buga wasu daga cikin littattafan a 2019, tsofaffin zanen ya nemo ya mayar, alamar cewa har gobe suna aikin da aka yi su dominsa. Abin da ya rage wa manazarta shi ne su bi diddigin masu zanen, waɗanda kamfanoni suka sha barin sunayensu a waje, a rubuta tarihin kowa da aikinsa.