Daga Maƙerar Dala Zuwa Bakin Tiga: Tarihin Gyaran Injin Jirgin Ruwa a Kano

Da shugabannin wannan mujalla suka nemi in yi rubutu a kan sana'ata, sai na tuna da dariyar da abokai suka yi mini ranar da suka ji wai ina koyon gyaran injin jirgin ruwa. Cewa suka yi, mutumin Dala da bai san wani ruwa ba sai na kududdufi, ina shi ina jirgi? To, ga amsar da ban iya ba su ba a wancan lokaci.

Masana tarihi sun nuna cewa tun kafin zuwan Bagauda akwai mutane a gindin dutsen Dala suna haƙo tama suna narka ta, har ma akan ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, garin ya ci sunansa. Ashe ke nan aikin ƙarfe gadonmu ne. Ko da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, bai tsaya ga karatu da rubutu kaɗai ba, har da sashen koyon sana'o'in hannu irin su ƙira da kafinta da dukanci.

Abin da ya kawo jirgi ƙasar Kano kuwa shi ne madatsun ruwa. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina madatsar Bagauda, sannan aka kammala ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma ta biyo baya a 1992. Inda da gonaki ne da hanyar jakuna sai ga ruwa iya ganin ido. Masunta suka taru, ƙauyukan da ruwa ya raba su da kasuwa suka koma ga masu fito, sannu a hankali kuma masu hali suka fara ɗaura inji a gindin kwalekwale.

To amma wa zai gyara injin? A 1982 aka soma tsarin karatu na 6-3-3-4, da niyyar kowane yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannunsa. Waɗanda muka yi zamani tare za su tuna akwatunan kayan aikin da aka kawo daga ƙasashen waje, suka daɗe a jibge ƙura na cin su, saboda babu wuta, babu kuma isassun malaman da za su sarrafa su. Mu ma ɗalibai da namu laifin, domin kowa burinsa ofis da kujera, muna ganin mai baƙin mai a riga kamar wanda karatu ya ƙi.

Ni dai a Ƙofar Ruwa na sami tawa makarantar, a wajen wani dattijon bakanike wanda kakansa maƙeri ne. Da injin ban-ruwa na fadama muka fara, daga nan ya riƙa tafiya da ni Tiga idan masunta sun aiko. A can na ga yadda ake kashe inji da rashin sani. Injin jirgi irin na Yamaha da aka fi amfani da shi a lokacin, sai an gauraya masa fetur da baƙin mai daidai gwargwado. In mai ya yi kaɗan ya ƙone, in ya yi yawa fulogi ya toshe. Kuma da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa, ta hanyar wata 'yar roba mai zuƙo ruwa. Maigidana kan ce, da zarar ka tayar da inji ka fara duban ɗan ruwan da yake tsartuwa ta baya, in babu shi ka kashe nan take. Ya kuma hana ni tayar da inji a tudu ko da na minti ɗaya ne, domin robar nan ba ta jure bushewa. Sau da yawa an sha kawo mana inji wai ya mutu, alhali ciyawa ce ko tsohuwar koma ta naɗe farfela.

Wata rana ya ce da ni, “Yaro, mota in ta lalace sai a tura ta gefen titi. Jirgi ba shi da gefen titi.” Wannan magana ta dawo mini a watan Nuwamba na 2021, lokacin da jirgin fito ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. An danganta abin da yawan lodi ne, amma duk wanda ya koyi aikin nan da kyau ya san iyakar nauyin da jirgi da injinsa za su ɗauka. Allah ya jiƙansu da rahama.

Maigidana ya riga mu gidan gaskiya ba tare da ya rubuta ko layi ɗaya ba, mu da ya yaye kuma ga furfura ta cim mana. Don haka nake roƙon wannan ƙungiya tamu, a cikin ayyukan da muke yi wa makaranta, mu gyara tsohon ɗakin koyon sana'a, mu sayi inji ko da guda biyu ne, mu gayyato makanikai su riƙa koya wa yara a ƙarshen mako. Ni ne na farko da zai zo da sifanarsa, ba tare da an biya ni ko kwabo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.